Ranar da Na Kai Kaka Kufai

Nusaiba, ke da ƙaninki Mu'azzam ba ku isa karatu ba tukuna, kuma na san za ku ji labarin nan a bakin wasu kafin ku iya karanta nawa. Wata rana a gidan biki ko gidan suna, wata daga cikin dangin Mama za ta nuna ni da baki ta ce, ai ita ce ta kwashi tsoho marar lafiya ta kai shi yawon buɗe ido, ya dawo ya kwanta bai tashi ba. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, shi ya sa take da wuyar gyarawa. Na kai shi, kuma ya dawo ya kwanta. Amma tsakanin tafiyar da kwanciyar akwai wani yini guda, ni kaɗai ce a gidanmu na gan shi da idona. Shi nake so in ajiye muku a nan.

A shekarar da na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa, a Karu muke zaune. Abba mutumin Malumfashi ne, aikin ma'aikata ya kawo shi Abuja tun yana saurayi. Mama kuwa 'yar ƙasa ce, Gbagyi, waɗanda birnin ya zo ya tarar. Abba yana da wata al'ada da duk danginsa suka sani: baƙon da ya sauka a gidanmu, ko jinya ta kawo shi ko neman aiki, ba zai koma ba sai an zagaya da shi gari. A tsaya a ƙofar birni a ɗauki hoto, a yi azahar a Masallacin Ƙasa a ƙarƙashin ƙubbar nan mai ruwan zinare, a hango Dutsen Aso ta tagar mota, a sha iska a bakin Tafkin Jabi. In akwai mai a tanki, a miƙa har Dutsen Zuma, Abba ya yi ta nuna wa baƙo fuskar mutum a jikin dutsen har sai ya ce ya gani, ko bai gani ba. Ni ce kullum a kujerar baya, goshina a jikin gilashi, ina ƙirƙira wa kowane gini labari. Haka na san garin da aka haife ni, kamar baƙuwar da ba ta taɓa komawa gida ba.

A ƙarshen daminar shekarar aka kawo mana Kaka, mahaifin Mama, wanda ku ba ku riska ba. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa ya gajarta, likita ya ce zuciya ce, ya huta kawai. Dogon tsoho ne mai ƙananan idanu masu dariya, kuma tun ina rarrafe Uwargida yake kirana, irin wasan kaka da jika. Da zaman ɗaki ya ishe shi, Abba ya durƙusa a gabansa ya ce ko za a ɗan fita da shi a mota ya ga gari. Kaka ya amsa don kada ya kunyata surukinsa. A masallaci ya yi nafila a zaune ya ce madalla. A bakin tafki ya kalli masu tuƙa ƙananan jirage ya ce madalla. Sai da Dutsen Aso ya tare mana gaba ya gyara zama.

"Wannan kam na san shi," ya ce. "Bai tsufa ba, ni kaɗai na tsufa. Uwargida, in na mutu ki auri wancan, shi ba ya zuwa asibiti."

"Allah ya kiyaye, Kaka. Ina ni ina mijin da ba ya cefane?"

"To ni ina yi ne?"

"Kai aƙalla kana alkawari."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Abba ya rage gudu yana ta sannu Baba, sannu Baba.

A lokacin nan hawan dutse ya shiga samari da 'yan matan Abuja. Duk Asabar sai su taru a tashar Utako da riguna iri ɗaya da gorunan ruwa, su ɗauki bas zuwa wani tsauni. Maƙwabciyarmu Rifkatu, nas ce 'yar Pankshin, ba ta fashi, ita ta ja ni wata Asabar zuwa ɗaya daga cikin duwatsun da suka kewaye madatsar ruwan Usuma, can bayan Ushafa inda mata ke ginin tukwane. Ban kai ƙololuwa ba. Ni dama mai tsaye-tsaye ce, fure ya tsayar da ni, tsuntsu ya tsayar da ni. A tsakiyar hawan na iske wani fili a kafaɗar dutsen, da wani gamji da saiwarsa ta tsaga ƙaton dutse biyu ta ratsa. Na zauna a inuwarsa na ce su same ni in sun sauko. Wurin yana da wani irin shiru mai nauyi, kamar ɗakin da mutane suka fita yanzun nan. Na ɗauki hotonsa a waya.

Da la'asar ina matsa wa Kaka ƙafa, na nuna masa hotunan don in sa shi hira. Yana ta tsokanata wai an kai matarsa daji, har muka zo kan gamjin. Sai ya riƙe hannuna.

"Ƙaro min girmansa."

Na buɗa hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Ta hagun itacen nan, akwai ramuka a kan falalen dutse?"

"Akwai, Kaka. Ruwan sama ya taru a ciki, har na ga talibambam."

"Ba na ruwa ba ne. Niƙa ake yi a ciki. A nan aka haife ni."

Ranar ya ba ni labarin da ko Mama ba ta taɓa ji ɗungurungum ba. Mutanensu a kan dutse suke zama a da, saboda tsoron mahara. Da ƙasa ta lafa suka sauko kusa da gonakinsu, suka bar garin ya zama kufai. Mahaifiyarsa ta rasu kafin saukowar, yana ƙarami sosai. Bai riƙe fuskarta ba, abin da ya riƙe shi ne ƙamshin hayaƙi a zanenta da yadda bayanta ke kaɗa shi in tana niƙa. A gindin gamjin nan aka binne ta tare da sauran mutanen garin, kowane kabari an kewaye shi da duwatsu, nata kuma mahaifinsa ya kafa wani jan dutse a wajen kai. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, mutanen garin kan hau da fartanya da tsintsiya su nome ciyawa, su share, su gyara duwatsun da ruwa ya ture. Sai birni ya zo, aka tashe su aka kai su nesa, manya suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, hanya ta ɓace masa a cikin tituna da shingaye. Ya ɗauka ma an fasa dutsen an yi tsakuwa da shi.

"Ni kaɗai na rage da na san inda take," ya ce. "In na tafi ban nuna wa kowa ba, shi ke nan ta mutu sau biyu. Ga shi ruwa ya ɗauke."

Da ya gaya wa Mama yana so ya hau dutsen, ba ta ko tsaya jin ƙarshen zancen ba.

"Baba, likita ya ce ko matakalar gidan nan kada ka hau."

"Likitan ya san inda uwata take?"

"Kuma fisabilillahi Baba, muna salla, me mutane za su ce in sun ji an hau dutse wajen kaburburan da?"

"Ba tsafi zan yi ba, Hajara. Shara zan yi."

Abba ya ƙara wa rediyonsa murya, don suruki ba ya shiga tsakanin uba da 'yarsa. Daga ranar Kaka ya daina wasa da ni. Abinci sai ya taɓa ya ture. Wata safiya aka aike ni sayen burodi, sai na hango shi a bakin titi a kan bencin mai shayi, da sandarsa, da wani dogon abu naɗe a tsumma a kan cinyarsa. Tsintsiyar tsakar gidanmu ce. Ɗan tattakin da ya yi daga gida ya sa leɓɓansa sun yi fari, bai ma san motar ina zai shiga ba.

"Zan tambaya," ya ce min. "Ƙafa ce ta lalace, ina da baki."

A hanyar komawa gida, yana dafe da kafaɗata, na yanke shawara. Ku lura da wannan, 'ya'yana, don a nan ne labarin dangi ya karkace: ban sace shi ba. Na sami Mama a kicin tana yanka alayyafo na gaya mata zan kai shi.

"Asiya, kin san abin da kike faɗa? Uba ɗaya gare ni."

"Mama, in ban kai shi ba zai tafi shi kaɗai, ya faɗi a inda ba wanda ya san shi."

"Sai mu riƙa kulle ƙofa."

"Mu kulle Kaka?"

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Sai ta ci gaba da yanka, ba ta ɗago ba.

"Ban yarda ba. Ki ji da kyau, ban yarda ba. In kin tafi da shi, ke kika tafi da shi."

Ranar Asabar da na idar da asuba na ga mukullin motar Abba a gefen dardumata. Bai ce min komai ba, ni ma ban ce ba, amma na tarar da tanki a cike. Rifkatu ta fito da jakarta da abin awon jini, tana ɗaure igiyar takalmi tana mita.

"Ni dai a matsayina na nas ban ce a je ba o. Amma in dole sai an je, gara ina wurin. Baba, in na ce zauna, za ka zauna?"

"Mata biyu a kaina, ina na isa in ƙi?"

Mun bar motar a inda kwalta ta ƙare, masu babur na ƙauyen suka haura da mu ta hanyar gonaki har inda tayar babur za ta iya. Sauran da ƙafa muka yi, a hankali, muna tafiya muna zama. Ciyawa ta fara rawaya, ƙanshinta kamar na sabuwar tabarma. Duk inda muka huta, ruwan madatsar na ƙara buɗewa a ƙasanmu, shuɗi, kwance, balbelu na ratsa shi kamar an watsa ƙullin auduga. Kaka bai kalli ruwan ba. Ƙasa yake kallo, yana gaishe da duwatsu da ƙafarsa. Da muka kai bakin filin sai ya tsaya ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama, ya ƙara da wasu kalmomi da yarensu, sannan ya yi shiru yana sauraro.

"Ba a faɗa wa mutane gida haka nan," ya ce. "Ku tuɓe naku."

Ya nuna mana ramukan niƙa, ya sa tafin hannunsa a ɗaya ya shafa santsinsa. Ya nuna inda rumbuna suke, da inda maƙeri yake zama. Muryarsa ta koma ta yaro. Sannan ya juya ya nufi gindin gamjin, yana buɗa ciyawa da sanda, mu muna biye. Ya je gaba ya dawo. Ya kewaya itacen ya sake kewayawa. Babu duwatsu. Babu ja, babu baƙi. Sai ɗan loɓa-loɓa a ƙasa nan da can, inda wani abu ya taɓa daɗewa a zaune, ruwan damina ya riga ya shafe bakinsu.

Na ga Rifkatu ta dafe baki.

"Yesu," ta ce a hankali. "Baba, akwai tarin duwatsu a saman can. Duk wanda ya kai ƙololuwa a karon farko sai ya hau da dutse ɗaya ya ɗora, a ɗauke shi hoto. A nan ake ɗiba, don na nan ne daidai hannu, ga su a jere kamar an ajiye mana. Allah ya sani ba mu sani ba."

Kaka ya zauna a kan saiwar gamjin. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba, ya ɗora haɓarsa a kan sanda yana kallon ciyawar. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na ɗauko shi daga gadonsa, na saɓa wa uwata, na kawo shi ya ga an kwashe abu ɗaya da ya zo nema. Iska na kaɗa ganye, haske na yawo a kan farar rigarsa.

Muna nan sai ga kiɗa yana gangarowa daga sama. Ayarin su Rifkatu ne, sun kai ƙololuwa suna saukowa da sifika a rataye, ana shewa. Ta tare su a hanya. Ban ji abin da ta faɗa musu ba, na dai ji kiɗan ya mutu. Suka ƙaraso sumui-sumui, suka ga takalmanmu a bakin fili, suka tuɓe nasu. Shugabansu, wani ƙaton mutum mai gemu da suke kira Oga, ya durƙusa a gaban Kaka.

"Baba, ka yafe mana. Za mu sauko da su duka yanzu. Kai dai nuna mana inda kowanne yake."

"Ban sani ba, ɗana. Da dutsen nake gane ta. Ko kun kawo min shi, ina zan ce ku ajiye?"

Can sai Kaka ya kwance tsumman nan, ya fito da tsintsiya, ya miƙe da ƙyar. Ya tafi can ƙarshen filin, nesa da inda yake zaton kabarin, ya sunkuya ya fara shara.

"In ban san nata ba, sai in share duka," ya ce, ba tare da ya dube mu ba. "Dama ba ita kaɗai ce a nan ba. Waɗannan ma suna da 'ya'ya, ba su samu zuwa ba ne."

Rifkatu ta bar shi ya ɗan yi, sannan ta ce zauna, ya zauna. Na karɓi tsintsiyar. Sauran suka durƙusa suna tuge ciyawa da hannu, ma'aikatan banki da na ofis, masu ɗankwali da masu gajeren wando, Musulmi da Kirista. Da fili ya fito fes, mazan da wasu matan suka koma sama suka fara sauko da duwatsun. Wata 'yar gayu ta naɗa gammo da gyalenta ta ɗoro nata a ka, sai muka ji Kaka ya yi dariya, ta farko tun ranar hoton.

"A'a, 'yar birni! A garin nan kai ba ya ɗaukar kaya, tunani ya ishe shi. Sauke shi a kafaɗa."

Haka suka yi ta saukowa a layi, kowa da dutse a kafaɗa, yana nuna musu da sanda. Ba su kewaye kabari ɗaya ba. Da'ira guda babba suka yi, ta zagaye gamjin da duk wanda ke kwance a ƙarƙashinsa. Da aka rufe ta, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce Allah ne ya san bayinsa, na da da na yanzu. Kowa ya amsa da irin aminsa. Sannan ya yafito ni.

"Uwargida, ɗa ba ya kama sunan uwarsa, amma yau dole. Kawo kunnenki."

Ya raɗa min sunanta. Ba zan rubuta shi a nan ba, da baki zan faɗa muku, a wurin.

Goyo aka sauko da shi, mazan nan suna karɓa-karɓa, yana yi musu tsiya wai dokinsa na da ya fi su sauri. Da yamma ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari. Mama ta zuba masa, ba ta dube ni ba. Ba a rufa mako ba numfashinsa ya tsananta aka kwantar da shi a asibiti, kuma kafin ruwa ya dawo ya rasu. Na tambayi likita ko hawan ne ya jawo. Ya ce zuciyar ta riga ta gaji tun kafin nan, amma ba zai ce min hawan bai taɓa ta ba. Har yau iyakar abin da na sani ke nan, ba zan ƙara muku ba, ba zan rage ba.

A zaman makoki ne Anti Laraba, ƙanwar Mama, ta fara faɗin maganar yawon buɗe ido, a gaban mata, ina raba ruwa. Mama ba ta tanka mata ba. Ba ta zarge ni ba, ba ta kuma kare ni ba, wannan ya fi min ciwo. Daga nan maganarmu ta koma ta aike: ɗauko, kai, rufe. Na tafi bautar ƙasa ba ta dafa kaina ba. Na dawo, na yi aure, ta yi min duk abin da uwa ke yi, kayan ɗaki har sun fi na kowa, amma tsakaninmu akwai wani labule da ba mai ɗagawa. Abba ya yi ta cewa in ba ta lokaci. Na ba ta, ina kewar uwata tana zaune a gabana.

Da na haife ki, Nusaiba, na koma gida wankan jego. Wata safiya muna bayan ɗaki, tururi ya rufe mu, tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa min a baya, sai na ji hannunta ya tsaya.

"Ya faɗa miki sunanta?"

Ban tambaye ta wa take nufi ba.

"Ya faɗa, Mama."

"Ni ban taɓa tambayarsa ba. Kullum ina cewa sai ya warke." Ruwa na ɗiga daga ganyen. "Faɗa min."

Na juya na raɗa mata, yadda aka raɗa min. Ta maimaita shi a hankali, ta sake maimaitawa, da irin lafazin da harshena bai taɓa iyawa ba. Sannan ta goge fuskarta da gefen zane, ta ce tururin nan ya cika yaji.

"Da nisa daga inda mota ke tsayawa?"

"Akwai ɗan nisa. Amma ana hutawa a hanya."

Ta mayar da ganyen cikin ruwa.

"Juya bayanki, ruwa na hucewa. In kin yi arba'in, ki shiga kasuwar Utako ki dubo min takalmi marar santsi."